Tambayoyin Masu Karatu: Kewar ƙauye a waƙoƙin kantiri, gaske ce ko kasuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Marigayi mahaifina direban tirela ne, kaset ɗin Don Williams ba ya rabuwa da motarsa, a wurinsa na gaji son kiɗan kantiri na Amurka. Kwanan nan na saurari albam ɗin Hailey Whitters mai suna Raised. Duk zancen ƙauyensu ne: gonaki, dangi, samarin garinsu. To amma ai a birni take zaune. Kewar nan ta gaske ce, ko dai abin da ke kawo kuɗi take bi?
— Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Ni dai na gaskata ta. Garinsu Shueyville ne a jihar Iowa, mutanensa ba su kai 1,000 ba, kuma duk Amurka babu jihar da ta kai Iowa noman masara. Tana 'yar shekara 17 ta tattara ta koma Nashville, cibiyar wannan kiɗa, ta yi sama da shekara 10 tana fafutuka kafin a san da ita. Sai a 2022 ta fitar da Raised. Zaman birnin da ya sa ka shakka, shi ne ya haifar da waƙoƙin. Wanda ke kwana a ƙauye yana tashi a ƙauye ba ya kewarsa, taki da bashi ne a ransa. Ni kaina ban san daɗin ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko a garinmu ba sai da aure ya kai ni Kaduna, ranar kuwa har hawaye na yi.

Haka kiɗan ya taso tun asali. A ƙidayar 1920 aka fara samun mazauna birane sun fi na karkara yawa a Amurka, a 1925 kuma aka soma shirin rediyon da ya zama Grand Ole Opry, shahararren dandalin kiɗan kantiri. Yau kusan kashi 80 cikin 100 na Amurkawa a birane suke. Yawancin masu sauraro ke nan gidan kakanni suke ji a waƙar.

Kasuwa kuwa akwai ta, ba zan ɓoye maka ba. A unguwar Music Row ta Nashville akwai marubutan da kamfanoni ke biya su zauna a ofis su tsara waƙa, shi ya sa za ka ji motar a-kori-kura da hanyar burji suna ta maimaituwa a bakin mawaƙa daban-daban. Irin waɗannan ba sa taɓa min zuciya.

Abin da nake kasa kunne in ji shi ne ko mawaƙi ya san mutanen da yake waƙewa. Whitters su shida ne a gidansu, kuma idan ta ambaci taron dangi, za ka ji kamar kana tsakar gidan ana rabon abinci. Ka sake sauraron wannan wurin da daddare, sannan ka sa kaset ɗin Baba in yana nan.