Amsa kan baƙin hayaƙin gas a hanyar Jos

Malam, ka tambaya me ya sa babbar motarka take tafiya lafiya a Bauchi, amma da zarar ta wuce Toro ta kama hawan Jos sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe salansa. Bauchi tana kan tsayin kusan mita 600 daga matakin teku, Jos kuwa ta kai mita 1,200, kuma yadda ake ƙara hawa haka iska take ƙara sirancewa. Famfon inji yana zuba gas yadda ya saba, amma iskar da za ta ƙone shi ta ragu, sai ragowar man ya fita a matsayin baƙin ƙunƙunniya.

Ka fara da matatar iska, domin ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri, kuma a ganina nan ne yawancin direbobi suke sakaci. Sannan makanike ya gwada nozul mai fesa gas cikin inji, ya duba ko bututun turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, yana yoyon iska. A kan hawa kuwa, ka sauko zuwa ƙaramar giya maimakon danne totur, don injin ya samu numfashi. Hayaƙin nan yana shiga huhun yaran da ke talla a bakin titi, don Allah kada ka jinkirta gyaran.