Amsa kan hoton CBCT kafin dashen haƙori

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce likita ya ƙi dasa maka haƙori sai ka kawo hoton CBCT, wato hoton X-ray mai nuna ƙashin muƙamuƙi ta kowane ɓangare, alhali kana da hoton baki na bara, kana tambaya ko cin kuɗi ne kawai. Wallahi ni ma zargin da na yi ke nan lokacin nawa.

Turamena biyu na ƙasa na rasa bayan ɗan acaɓa ya kayar da ni a Kwangila. Shekara uku ina tauna da gefe guda kafin na tara kuɗin dashe. Hoton farko, na X-ray mai nuna dukan haƙora a hoto ɗaya, wanda suke kira OPG, ya nuna ƙashin lafiya lau. To amma shi a shimfiɗe yake, kamar ka tsaya gaban katanga: tsayinta za ka gani, kaurinta kuwa sai ka zagaya. CBCT shi ne zagayen. Sai da na je har Abuja aka ɗauka. Ka ɗora haɓa, ka cije wani ɗan roba, na'urar ta kewaya kanka, ko minti ɗaya ba a yi ba.

Da na dawo da faifan da aka sa hoton a ciki, likitan ya buɗe a kwamfuta yana juya muƙamuƙina kamar ana juya tsire. Ashe ƙashin ya zama siriri kamar bakin wuƙa, don ƙashin da ya rasa haƙori janyewa yake yi. Ya kuma nuna min wata jijiya da ke bi ta cikin ƙashin ƙasa. In ƙusar taitaniyam, wato ƙarfen da ake dasawa a ƙashin don ya riƙe sabon haƙori, ta taɓa ta, leɓe da haɓa su mutu, wani lokaci har abada. Tazarar milimita 2 suke bari tsakaninsu. Milimita 2 fa! Wannan ba abin da za a yi da kintace ba ne. Dole aka fara ƙara min ƙashi, na jira watanni, sannan aka dasa.

In naka na sama ne, kogon da ke gefen hanci suke dubawa, kada ƙusar ta ɓula shi.

Hasken X-ray na CBCT ya fi na OPG ƙarfi, shi ya sa ba a yin sa don ciwon haƙori na yau da kullum. Roƙi a ɗauki wajen da za a yi aikin kawai, ba dukan kai ba. Kuma ka karɓo faifan a hannunka, takardar rahoto kaɗai ba za ta ishi likitanka ba.