Tambaya da Amsa: Me Ke Makarar da Wata Kowane Dare?

Tambaya: Assalamu alaikum. A daren sha biyar nakan ga wata ya fito daidai faɗuwar rana, amma bayan kwana uku sai wajen ƙarfe tara yake leƙowa. Me ke jinkirta shi? Akwai hanyar sanin lokacinsa ba tare da manhajar waya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tafiya biyu ce ke gudana a lokaci guda. Duniya tana juyawa, ita ce ke sa rana da wata su fito gabas su faɗi yamma. Shi kuma wata yana kewaya duniya ta wajen gabas, kullum yana ƙara nisa da rana a sararin sama da kimanin digiri 12 (cikakken zagaye digiri 360 ne). Duniya na cinye digiri ɗaya cikin minti huɗu, don haka sai ta ƙara juyin kusan minti 50 kafin ta sake cim masa. Makarar ke nan.

Ga lissafin. Daga tsayuwar jinjiri zuwa cikarsa, lokacin faɗuwarsa ake nema: ka ninka kwanakin wata da minti 50, ka ɗora a kan lokacin faɗuwar rana. Daren shida, minti 300 ke nan, wato sa'a biyar; in rana ta faɗi shida da rabi, wata zai faɗi wajen sha ɗaya da rabi. Bayan ya cika kuwa, fitowarsa ake nema: ka cire 15 daga kwanakin, ka ninka abin da ya rage da 50. Daren ashirin zai ba ka sa'a huɗu da minti goma bayan faɗuwar rana.

Kada dai ka saita agogo da wannan. Minti 50 tsaka-tsaki ne. Hanyar wata ba cikakkiyar da'ira ba ce, yakan matso har kusan kilomita 363,000 ya kuma ja da baya zuwa kusan 405,000, kuma ya fi sauri idan ya matso. Mafitarsa ma tana karkata arewa da kudu cikin wata guda. A ƙasashen da ke can arewa sosai, irin su Ingila, makarar takan gaza rabin sa'a a wasu darare, a wasu ta haura sa'a guda.

Tambaya: 'Yata ta ce inuwar duniya ce ke rufe gefen wata, shi ya sa muke ganin rabi. Haka ne?

Amsa: A'a, Malama, ko da yake manya da yawa ma haka suka ɗauka. Kullum rabin wata na cikin hasken rana, rabi na cikin duhu. Abin da ke canzawa shi ne yawan ɓangaren mai haske da ya fuskanto mu. Ki gwada mata da dare: ki kunna fitila guda a ɗaki, ta riƙe ƙwallo a miƙe da hannu, sama da kanta kaɗan, ta riƙa juyawa hagu a hankali. Idan ƙwallon yana tsakaninta da fitila, duhunsa za ta gani. Idan fitila tana gefenta, rabi. Idan ta ba fitila baya, ya cika. In ta sauke hannu inuwar kanta ta faɗa kan ƙwallon, to wannan shi ne husufi, abu ne daban. Ba ya faruwa kowane wata saboda hanyar wata ta karkace da kimanin digiri biyar, galibi sai ya bi ta sama ko ta ƙasan inuwar.

Tambaya: Me ya sa wani lokaci ba a ga jinjiri ba, washegari kuma ya fito ƙato har mutane su ce ɗan kwana biyu ne?

Amsa: Zagayen wata daga haɗuwarsa da rana (lokacin da ya shiga tsakanin duniya da rana) zuwa wata haɗuwar kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44, a tsakaice, kuma haɗuwar na iya faɗowa a kowace sa'a, dare ko rana. Ɗauka ta auku da asuba. Da magariba kimanin sa'a 12 ke nan da haɗuwar, tazararsa da rana digiri shida ne ko kusa da haka. Masanin taurari ɗan Faransa André Danjon ya nuna a shekarun 1930 cewa ƙasa da kimanin digiri bakwai ido ba ya kama jinjiri. Washegari ya kai sa'a 36, tazarar ta kusa digiri 18, ya yi kauri, yakan kuma daɗe fiye da sa'a guda bai faɗi ba. Girmansa kaɗai ba hujja ba ne cewa an yi sakaci jiya.

Mai son dubawa ya tsaya inda babu gini ko itace a yamma, ya riƙe daidai wurin da rana ta nutse, ya jira minti 15 zuwa 20. Dunƙulen hannu a miƙe yana rufe kimanin digiri goma, to dunƙule ɗaya zuwa biyu sama da wurin ake dubawa, a ɗan waiga dama da hagu. Ƙura da hazo su suka fi ɓata aikin. Siririn gajimare da layin hayaƙin jirgin sama suna ruɗar ido. Abin tantancewa shi ne bayan jinjiri mai haske yana fuskantar inda rana ta faɗi, ƙahonninsa biyu kuma suna kallon nesa da ita. Na'urar hangen nesa sai rana ta gama faɗuwa, domin kallon rana da ita yana makantarwa.

Tambaya: Na ga wata da hantsi a yamma. Wata alama ce?

Amsa: Ba komai, ɗan'uwa. Watan da ya wuce cikarsa da 'yan kwanaki ya makara da fitowa, dole ya makara da faɗuwa. Wajen kwana 22 yakan fito tsakar dare, ba zai faɗi ba sai kusan tsakar rana.