Ta ina zan fara gyara shafina don makafi?

Malam, ka tambaya ko makaho zai iya amfani da shafin intanet da ka gina, da kuma inda za ka fara gyara. Zai iya mana, muddin ba ka toshe masa hanya ba.

Makafi na amfani da manhajar da ke karanta musu allo da murya, kamar NVDA a kwamfuta, wadda kyauta ce, ko TalkBack a wayar Android. Rubutu take bi. In ka sa hoto ba bayani a gurbin alt, wato wurin da ake rubuta abin da hoton ke nunawa, sai ta tsallake shi ko ta karanto sunan fayil. Maɓallin da alamar kwando kawai ke kansa, "maɓalli" za ta ce, shi ke nan, mutum bai san na saye ba ne ko na gogewa.

Gwajin da na fi yarda da shi, ka ajiye linzami ka zaga shafin da maɓallan Tab da Enter na kibod kaɗai. Duk inda ka maƙale, nan makaho ma zai maƙale.

Masu raunin gani kuwa, ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, sun nemi bambancin hasken ƙaramin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 zuwa 1. Rubutu ruwan toka a kan fari, don Allah a rabu da shi.