Amsa kan shirin Autograph na ƴan makarantar Kerala

Malama, kin tambayi sunan shirin Indiya na ɗalibai biyar abokan juna, kuma me ya sa jin Indiyancinki bai taimaka miki ba.

Sunansa Autograph, tashar Asianet ta fara nuna shi a 2009. Da harshen Malayalam aka yi shi, yaren jihar Kerala a kudancin Indiya, wanda danginsa su ne Tamil da Telugu. Shi ya sa Hindin da kika tsinta a finafinan Bombay bai yi miki rana ba.

Wajen nema, kada ki rubuta Autograph kaɗai, fim ɗin Tamil na 2004 mai wannan suna zai fara fito miki. Rubuta "Autograph Asianet serial", ko ki ƙara "Five Fingers", laƙabin abokan biyar ɗin, wato yatsu biyar na hannu ɗaya.

Za ki riƙa jin "Plus Two". Aji 12 ke nan, kwatankwacin SS3 ɗinmu, shekarar jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a. Ki riƙe wannan. Ki kuma bi lambar kashi-kashi, masu ɗorawa sukan hargitsa jerin.