Ga ƙanwar da ta tambaya ko zane yana sauke gajiya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da daddare na karanta tambayarki, na ce sai na samu natsuwa zan amsa, don abin da kika faɗa ya taɓa ni sosai. Kin ce kina dawowa daga aiki a gajiye, ki ɗora tukunya, ki kwantar da yara, amma da kin sa haƙarƙarinki a katifa sai tunani ya taso, ki jawo waya har ƙarfe ɗayan dare. Kin ji ana cewa zane yana kwantar da hankali, sai dai ke ba ki da baiwa, ko layi ba kya iya ja ya miƙe, kuma kina jin nauyin a ce uwar 'ya'ya ta zauna tana wasan yara.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na kusa shekara ashirin a aikin. Shekara shida da suka wuce Innarmu ta rasu bayan doguwar jinya, Allah Ya jiƙanta. Ni na yi jinyarta, ina fita daga ɗakin marasa lafiya a asibiti in shiga nata ɗakin a gida. Da aka watse daga zaman makoki sai barci ya ƙaurace mini. In na rufe ido, kwanakinta na ƙarshe nake gani, ina ta lissafin da na yi kaza da wataƙila kaza bai faru ba, alhali na san kwana ne ya ƙare.

Ranar da muke rabon kayanta na tarar da wata hula a ƙasan akwatinta, ta ɗinke kusan rabi, allurar tana soke a jiki da guntun zare shuɗi. Inna ta yi shekaru tana ɗinkin hula a cikin birnin Zariya, da shi ta yi mana kayan ɗaki da yawa, amma ni ban koya ba saboda makarantar kwana aka kai ni tun ina ƙarama. Na ɗauke hular na sa a jakata. Wani dare ina aikin dare, marasa lafiya sun yi barci, sai na fito da ita na fara kwaikwayon zanen jikinta a bayan wata takarda da biro. Ban yi da wata niyya ba, hannuna kawai nake so ya taɓa abin da nata ya taɓa. Ina ɗago kai na ga an ci kusan awa guda. Abin da na fara lura da shi kafaɗuna ne, sun sauko. Ashe watanni ke nan ina yawo da su a ɗage, haƙorana a cije, ban sani ba.

Daga nan na sayi littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan firamare. Dagi na fi zanawa, wannan ƙullin da kike gani a bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano da gaban babbar riga. Dogayen zobba biyu ne suka gitta juna, wani mai kusurwa huɗu ya saƙa tsakaninsu, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: layin da ya bi ta sama a wannan mahaɗa, a ta gaba ta ƙasa zai bi. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Nan sirrin yake, ƙanwata. Zuciya ba ta iya bin wannan lissafin kuma ta riƙa maimaita maganar da shugabarki ta yaɓa miki da safe. Dole ta saki ɗaya. Waya ba ta yi miki haka, domin yatsa ɗaya kawai take riƙewa, ta bar sauran jikin da zuciyar suna ta tafasa, ta kuma ƙara miki damuwar mutanen da ba ki ma sani ba.

Kakanninmu sun san wannan ko da ba su sa masa suna ba. Ki tuna tsohuwa bayan la'asar da mazari tana kaɗin auduga, ko tana saƙar faifai tana sauya launi, ko mai sassaƙa ƙwarya yana jan wuƙarsa a hankali. Aiki ne, ba shakka, amma ki tuna yadda fuskokinsu suke a lokacin.

Batun baiwa kuwa, ki ajiye shi gefe. A shekarar 2016 wata mai bincike, Girija Kaimal, da abokan aikinta a Jami'ar Drexel ta Amurka sun ba mutum 39 kayan zane da yumɓu, suka ce kowa ya yi abin da ya ga dama na minti 45. An gwada yawunsu kafin su fara da bayan sun gama, ana duba kotisol, sinadarin da yake ƙaruwa a jiki idan mutum yana cikin matsi. Kusan kashi 75 cikin ɗari nasu ya ragu, kuma ba a ga bambanci tsakanin waɗanda suka saba zane da waɗanda ba su saba ba. Mutanen ba su da yawa, kuma akwai waɗanda nasu bai sauka ba, don haka ba zan ce miki magani ne ga kowa ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne jiki bai tambayi ko zanen ya yi kyau ba. Tun kafin su, wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, da tarin fuka ya kwantar da shi a asibiti, ya ga yadda zane yake rage masa tsawon yini, ya fara koya wa sauran marasa lafiya, har a 1942 ya fara kiran abin jinya ta hanyar zane.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta miki wannan doguwar amsa, don shi ne wanda ba a faɗa.

Bayan wata uku ina zane a takarda, na je wurin wata gwaggonmu ta koya mini riƙon allura, na ƙarasa hular Inna a cikin wata huɗu. Na yi ta biyu, na yi ta uku, hannuna ya fara faɗawa. Sai mutane suka fara gani. Wannan ta ce ki yi wa maigidana, waccan ta ce wannan ai kuɗi ne kike zaune a kai, ki mai da shi sana'a mana. Da kyakkyawar niyya suka faɗa, na sani. Ana saura wata biyar Babbar Sallah na karɓi aikin hula shida, har da kuɗin kafin alƙalami. Wallahi cikin mako uku abin da nake gudu ya biyo ni har cikin allurar. Na koma ina duba kalanda, ina ɗinki har ƙarfe biyu idona yana ruwa, wuyana ya ƙage, ana kirana a waya ana tambayar ina aka kwana. Wata ta dawo da tata ta ce ba wannan ruwan ƙasar ta zaɓa ba. Na cika alƙawari, amma bayan Sallar nan na kusa shekara ban taɓa zare ba, ko ganinsa ba na son yi, kuma rashin barcin ya dawo.

Ba raina sana'ar nake yi ba, Allah Ya kiyaye. Da ita aka raine ni, kuma mata da yawa a Zariya da Kano da Maiduguri da ita suke rufa wa kansu asiri, sau da yawa a kan ladan da bai kai wahalarsu ba. Amma ke ba kuɗi kika tambaya ba, hutu kika tambaya. Kina da wurin aiki da ake auna ki, kina da gida da ake jiran ki. Ki bar wa kanki abu ɗaya tak da babu mai jira, babu mai dubawa. Har ɗaukar hoto ki sa a Facebook ko WhatsApp ina ba ki shawara ki jinkirta, domin da kin sa, za ki fara leƙawa ki ga mutum nawa suka yaba, gobe kuma ki zana abin da za su yaba.

Da na dawo, sharaɗi na sa wa kaina: hula ɗaya a lokaci guda, ba ta kowa ba ce har sai ta ƙare, sannan in ba wanda raina ya kwanta da shi. Wata takan ɗauke ni wata biyu, wata rabin shekara.

Ke ba sai kin kai ga allura ba. Littafi mai gida-gida da biro biyu, shuɗi da ja, sun isa. Bayan sallar isha'i, in yara sun kwanta, ki bar wayar a wani ɗaki, ki kunna fitila mai haske sosai don idonki, ki ba kanki minti goma sha biyar. Ki fara da abin da idonki ya riga ya haddace: zanen lallen da aka yi miki ranar aurenki, furen jikin atamfarki, zayyanar allon sauka. Gidajen littafin za su riƙe miki layin, ba sai ya miƙe da kansa ba. In kin yi kuskure kada ki yage shafin, ki zagaye wurin ki ci gaba. In kina da damuwa kan zanen mai rai, ganye da fure da dagi sun ishe ki shekaru. In yaran sun farka sun zo, ki yago musu tasu takardar, amma littafin naki ne. Wanda kuma ya ce wasan yara kike yi, ki nuna masa bayan naira ashirin, ya ga Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane, tana gina tukunya.

Abu ɗaya zan ƙara da bakin aikina. In rashin barcin ya wuce mako biyu, abinci ya fita ranki, kina kuka ba dalili, ko kin ji rayuwar ta ishe ki, ki je ki ga likita, kada ki tsaya ga biro. Ni ma sai da na ga likita a wancan lokacin, zanen tafiya suka yi tare da maganin da addu'a.

Hular Inna tana wurin ƙanena, ita yake sawa ranar Juma'a. In ya zo gaishe ni nakan karɓa in juya ta a hannuna. Ana gane inda ɗinkinta ya tsaya nawa ya fara, nata a matse kamar an buga da inji, nawa da ɗan tazara, kuma shuɗin zaren da na samo a kasuwa ya fi nata haske kaɗan. Allah Ya ba ki barci mai daɗi, Ya raya miki zuri'a.