Mati Diop: gadon gida ne ya ɗaga ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kalli Dahomey, fim ɗin da ya bi sawun kayan tarihin da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin. An ce min wadda ta shirya shi 'yar gidan masu fim ce daga Senegal. Shin sunan gidansu ne ya ɗaga ta? Kuma ta yaya za a ce masa fim ɗin gaskiya alhali mutum-mutumi na magana a cikinsa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abin da aka gaya miki haka yake. Sunanta Mati Diop, an haife ta a Paris a 1982. Mahaifiyarta Bafaransa ce, mahaifinta kuma Wasis Diop, mawaƙin Senegal da ya yi suna wajen kiɗan fina-finai. Wan mahaifin nata shi ne Djibril Diop Mambéty, wanda ya yi Touki Bouki a 1973 da Hyènes a 1992, kuma duk inda ake lissafa manyan daraktocin Afirka sai an ambace shi.

Sai dai kada ki ɗauka ta tashi tana riƙe wa baffanta kyamara. Ya rasu a 1998 tana da shekara 16, ita kuma a Faransa ta girma, nesa da Dakar. Sana'ar a makaranta ta koya, a Le Fresnoy da ke arewacin Faransa, kuma da farko an fi saninta a matsayin 'yar wasa, saboda fitowarta a fim ɗin 35 Rhums na darakta Bafaransa Claire Denis a 2008. Ban ce sunan Diop bai buɗe mata wata ƙofa ba. A wannan harka suna yana sa a saurare ka. Amma suna ba ya ɗaukar hoto, ba ya zaman tace fim.

Abin da ta gada a ganina tambaya ce: wanda ya tafi, me ya rasa, wanda ya zauna kuma me ya samu? A Touki Bouki saurayi da budurwa ne ke mafarkin Paris. Da lokacin tafiya ya yi, ita ta shiga jirgin ruwa, shi ya juya baya. Shekara 40 bayan haka Mati ta nemo Magaye Niang, wanda ya fito a matsayin saurayin, ta yi Mille soleils a 2013. Ta same shi ya manyanta yana Dakar, abokiyar fitowarsa kuma tana can Alaska. Ka ce rayuwa ce ta ƙarasa rubuta labarin. Wannan fim nake fara nuna wa duk wanda ya ce gado kawai ta ci. Ba yabon baffa ta je yi ba, ta je ta binciki abin da ya bari.

Kafin shi ta yi gajeren fim Atlantiques a 2009, inda wani saurayi ke ba abokansa labarin yadda ya yi kasadar shiga kwale-kwale zuwa Sifaniya. Lokacin ne matasan Senegal ke cewa ko Barcelona ko barzahu; a 2006 kaɗai sama da mutum 30,000 suka isa tsibiran Canary na Sifaniya ta wannan hanya. Daga nan ta gina dogon fim ɗinta na ƙirƙira, Atlantique, wanda ya ci kyautar Grand Prix a bikin fina-finai na Cannes na 2019. Ita ce baƙar mace ta farko da fim ɗinta ya shiga babbar gasar bikin.

Yanzu Dahomey. A 1892 sojojin Faransa ƙarƙashin Alfred Dodds suka ci Abomey, babban birnin masarautar Dahomey, a zamanin Sarki Behanzin, suka kwashi kayan fada. A Nuwamban 2021 aka mayar da guda 26 daga gidan tarihi na Quai Branly da ke Paris zuwa Kwatano. A kula, waɗannan daban suke da tagullan Benin na jiharmu ta Edo, waɗanda Turawan Birtaniya suka wawashe a 1897. Mutane da yawa na haɗa su. Mati ta ɗauki yadda aka naɗe kayan, aka rufe su a akwatuna, aka sauke su da biki. Fim ɗin ya ci Golden Bear, babbar kyautar bikin Berlin, a 2024.

Maganar mutum-mutumin Sarki Ghezo na Dahomey, mai lamba 26 cikin kayan, ƙirƙira ce tsagwaronta. Marubuci ɗan Haiti, Makenzy Orcel, ya sa hannu a rubutun, aka furta shi da harshen Fon. To, ko ya ɓata gaskiyar fim ɗin? Ni dai na ce a'a. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: an yaudari mai kallo ko ba a yaudare shi ba? Babu wanda zai zaci katako ya buɗe baki. Ƙaryar da ke kashe fim ɗin gaskiya ita ce wadda ake ɓoyewa, kamar a shirya abu a ce an tarar da shi haka. Muryar ta zo ne daidai inda kyamara ba ta da abin ɗauka, wato shekara kusan 130 da kayan suka yi a hannun baƙi, ba su da suna sai lamba.

Wurin da ya fi cancantar ki sa ido shi ne muhawarar ɗaliban Jami'ar Abomey-Calavi, domin ita ma Mati ce ta haɗa taron, ba tarar da shi ta yi ba. Amma ba ta sa musu magana a baki ba, shi ya sa suka saɓa sosai. Wani na ganin guda 26 cikin dubbai cin fuska ne, wata na ganin mafari ne da bai kamata a raina ba. Akwai masu tambayar ko shugabannin Benin da Faransa na lokacin, Talon da Macron, ne suka fi cin riba, da masu cewa kayan ibada ne ba na ajiya a gilashi ba, da masu takaicin cewa da Faransanci suke wannan gardamar. A nan darakta ta ja da baya ta bar su, kuma ba ta ba kowa nasara ba.

Tunda kin riga kin ga Dahomey, nemi Touki Bouki ki kalla, sannan ki bi shi da Mille soleils a rana ɗaya in da hali, don na biyun ba ya fahimtuwa sosai sai na farkon na nan sabo a ranki.